Allunan da Ba Su Ƙone Ba

Ana idar da sallar Juma'a aka kawo wa Sufeto Ma'aruf rahoto: gidan Malam Maccido ya ƙone ƙurmus, da mahaifiyarsa Tasalla a ciki, tsohuwar da ƙafa ta daina ɗauka.

Haushi ya turnuƙe Sufeto, don ya daɗe da jin ƙaurin wannan wuta. Tun da Baturen makaranta ya ce elementaren Illela ta fi duk na gunduma, fatake suka yi wa unguwar makarantar caa, kowa na son ɗansa ya zama malamin ofis. Filin da a da ƙwaryar goro ke samarwa ya fi ƙarfin talaka. Masu bukkoki suka yi ta sayarwa suna komawa ƙauyen Kalmalo. Maccido kaɗai ya kafe.

Sufeto ya tarar da shi zaune cikin toka. A gindin tsamiya kuwa ga allunansa jere, ko hayaƙi bai taɓa su ba.

"Malam, wa ya fid da waɗannan?"

"Ban sani ba, ranka shi daɗe. Cikin zaure nib bar su, nit tahi masallaci."

Sufeto ya nufi gidan mai unguwa Idi, wanda ke da ikon sake ba da filin duk gidan da ya zama kango.

"Wa ke son filin nan?"

"Wallahi ba kowa."

"In tambaye ka a nan, ko a gaban Bature Di'o?"

Idi ya rage murya. "Alhaji Dabo. Sati wancan yak kawo goro, yac ce in dai gidan ya hwaɗi, in tuna da shi."

A ƙofar gidansa, Dabo ya tarbi Sufeto da fara'ar da ta wuce kima.

"Mi ya hwaru? Ni sahun gaba nike ga masallaci, jama'a sun gane ni."

"Da wannan tsumman ka je Juma'a? Ina farar rigarka?"

'Yan doka suka zaƙulo ta ƙarƙashin buhunan albasa, jiƙe da zufa. A ƙirjinta ga tawada, layi-layi, ayoyi a birkice, irin na wanda ya rungumi alluna.

Dabo ya dubi rigar.

"Ni nas sa wuta. Amma ban iya ƙona Alƙur'ani, Sufeto, ni Musulmi na. Shi as sa nik kwashe su."

"Tsohuwar fa?"

Sufeto ya matso kusa da shi.

"Ka ji ta?"

"Na ji tana kiran Maccido. Cewa niy yi maƙwabta za su hid da ta."

"Maƙwabtan da ka saye gidajensu ka kora?"

Sufeto ya ƙi barin 'yan doka su taɓa Dabo. Da hannunsa ya ɗaura masa ankwa, ya matse ta sosai, ya tasa shi gaba ta tsakiyar kasuwa.