Wayar Ƙasa

Ranar Asabar, sha takwas ga watan Mayu, 1996, gari ya waye da yayyafi, ƙasa ta yi laushi, sama kuma ba ta washe ba har azahar. A ranar ce Akawu ya shigo gida rungume da ikwalaiza, wani siririn akwatin ƙarfe mai maɓallai goma da ake turawa sama da ƙasa don a tace sauti.

Ba don kiɗa ya sayo ta ba. Wata bakwai ke nan da rasuwar matarsa, kuma abin da ya rage masa na muryarta kaset ɗaya ne, saƙon da ta ɗauka a gadon asibiti don a aika wa mahaifiyarta. Bai aika ba. Kullum ya dawo daga ofis sai ya kunna, amma shuuu ɗin kaset ɗin ya fi muryar ƙarfi. Mai gyaran rediyo ne ya ce masa wannan akwati zai danne shuuu ɗin, ya ɗago muryar.

Ya juya bayan amfilifaya, akwatin da ke ƙara ƙarfin sauti, ya bi zanen da mai gyara ya yi masa a takarda: wayoyi biyu, ja da fara, daga abin kaset zuwa ikwalaiza, wasu biyun daga ikwalaiza zuwa amfilifaya. Yana kunnawa lasifika ta ɗauki wani gurnani mai kauri.

"Injin niƙa kuma ka sayo mana?" in ji yayarsa, wadda ta dawo gidan da zama don ta riƙe masa 'yarsa.

"Wayar ƙasa ce babu, Yaya. Dama mai gyara ya faɗa mini."

Maganin gurnani, in ji mai gyara, shi ne a ɗaura waya a bayan akwatin, a fitar da ita ta taga, a kafa ƙarfe a wuri mai danshi, a zuba masa ruwan gishiri. Akawu ya zaɓi lungun bayan gida, gefen magudanar ruwa, inda ba a takawa. Ya narkar da gishirin da ruwan zafi don ya yi sauri.

"Ka bari sai gobe mana, magariba ta kawo kai."

"Minti biyar ne, Yaya."

A bugu na uku ƙarfen ya nutse da kansa, kamar ya sami rami a ƙasa. Ya tuttule ruwan yana tururi. Ko bisimilla bai yi ba, hankalinsa yana ɗaki.

Gurnanin ya ɗauke. "Inna, ni ce, kada ki tayar da hankalinki," in ji muryar, tangaram, har da jan numfashinta. 'Yarsa, budurwa mai shekara sha bakwai da yake kira Mamana, ta tsaya a bakin ƙofa ta ji har ƙarshe.

Kwana uku bayan haka, da faɗuwar rana, aka fara jifan kwanon gidan. Tsakuwoyi ne ƙanana, jiƙaƙƙu, kuma babu kowa a bayan katanga. Akawu yakan bar maɓallan a jere, ya dawo ya tarar an tura na ƙasan murya can sama. Ran da aka ɗauke wuta, Yaya ta ji lasifika tana numfashi. Ta fita da baya da baya, tana salati.

Sai Mamana ta daina magana. Ta bar makaranta, ta bar abinci, ta koma zaman gaban lasifika, hannuwanta a cinya. A rana ta bakwai, daidai lokacin da inuwa ta cinye tsakar gida, ta juyo ta dubi mahaifinta.

"Ni ce," ta ce da muryar marigayiya. "Kada ka tayar da hankalinka."

Ya kamata ya ruga neman taimako. Sai ya jawo kujera ya zauna. Kwana huɗu yana yin haka, da magariba ya zauna ya saurara, yarinya kuwa tana zubewa kamar kyandir.

"Ka dubi wuyan hannunta!" in ji Yaya. "Ka rasa ɗaya, kana so ka ba da ɗayar da hannunka? Wallahi ba da ni ba."

Ita ta je ta zo da Malam, wani tsoho mai farin gilashi wanda ba ya ɗaga murya. Ya zauna bayan la'asar, ya fara karatu a hankali. Rana ta yi ja. Jikin Mamana ya sanƙare, wata murya mai nauyi ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, me ka zo nema?"

"Ni na zo? Ubanta ne ya zo. Ya soke mini rufin ɗaki, ya sheƙa wa iyalina ruwan zafi ba sallama. Bai tsaya nan ba, ya ja waya har kaina, kullum mara lafiya tana magana a kunnena."

"An yi maka laifi, za a gyara. Amma yarinya ba ta yi maka komai ba. Fita."

Tsakuwa ɗaya ta gangaro a kan kwano.

"Mu daidaita," in ji muryar mai nauyi. "A bar ƙarfen, na saba da shi. A bar mini yarinyar daga magariba zuwa isha'i kawai, ni kuma in riƙa ba shi matarsa."

Malam ya juya. Ya cire gilashinsa ya dubi Akawu. "Wanda ya tafi ba ya dawowa, ka sani. Amma hannun da ya kafa ƙarfen nan shi zai cire, ba nawa ba."

Nan take muryar ta yi laushi. "Ni ce. Ina kewarku. Kada a manta da ni."

Akawu ya runtse ido. Ya haddace kaset ɗin kamar karatu, ya kuma gane cewa duk kalmar da ta fito daga bakin 'yarsa da muryar matarsa a kwanakin nan tana cikinsa. Ko sau ɗaya muryar ba ta kira shi da sunan da matarsa take kiransa ba, domin babu sunan a kaset. A kaset ɗin da mahaifiyarta take magana, ba da shi ba.

Ya tashi ya zaga bayan gida. Ya yi sallama, ya nemi afuwa, ya yi bisimilla, ya ja. Ƙarfen ya fito da ƙyar, da ɗumi kamar an riƙe shi.

Ko da ya dawo, Malam yana karɓar rantsuwa: ba dawowa, ba jifa, su ma ba za su ƙara taɓa lungun ba. Mamana ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin gwaggonta. Can ta buɗe ido.

"Baba, ƙishirwa nake ji."

Ya ɗebo da sauri, rabin ruwan ya zube kafin ya kai mata kofin.

Ranar Litinin kafin ofis ya tsaya a gidan waya. Wasiƙar gajeriya ce, sau huɗu yana sake rubuta ta: "Inna, ga saƙon 'yarki. Tun ranar da ta ɗauka yake hannuna, na kasa rabuwa da shi. Naki ne. Ki yafe mini. Jikarki tana gaishe ki, ta fara cin abinci."

"Mene ne a ciki yake ƙara?" in ji ma'aikaciyar, tana girgiza ambulan.

"Kaset ne. A yi masa a hankali, babu wani."

Ta manna kan sarki ta miƙo masa. Ya daɗe tsaye a gaban akwatin wasiƙu, har na bayansa ya yi gyaran murya. Sannan ya saki.