Fasinjan da Ya Fi Doña Petrona Nauyi

Da hantsi asibitin Santa Rufina ya kira ofishin 'yan sanda: ƙaramin jirgin haya ya sauke gawa maimakon majinyaci. Sufeto Casiano Melgar ya tafi ransa a ɓace, don ya san mamacin. Sunansa Don Hilario Temo, manomin rogo ne daga San Lucio, wanda maciji ya sara a gona.

"Daga San Lucio zuwa nan tafiyar minti arba'in ce," in ji likita. "Da ya iso a kan lokaci, allura tana nan tana jiransa."

Sufeto ya tarar da matuƙin, Kyaftin Wilfredo Roca, a filin jirgi, a inuwar fiffiken jirginsa yana shan ruwan rake.

"Me ya tsare ka a sama, Kyaftin?"

"Hadari, yallaɓai. Sai da na kewaye shi."

"Ba a ga ko gajimare ba yau."

"Daga ƙasa kuke kallo."

Sufeto ya leƙa cikin jirgin. An cire kujerun baya, an wanke daɓen, amma ƙudaje sun ƙi tashi.

"Jinin majinyaci ne," in ji Kyaftin tun ba a tambaye shi ba.

Ta waya Sufeto ya samu matar mamacin, Doña Petrona. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi damunsa ke nan.

"Me ya hana ki bin mijinki, Doña?"

"Sikeli, ɗana. Ka san kowa sai an auna shi kafin ya hau. Kyaftin ya ɗora ni, ya ce na yi wa jirgi nauyi. Ni da iska ke kaɗawa. Hilario yana riƙe da hannuna, sai da aka ɓamɓare yatsunsa."

Jirgi mai ɗaukar mutum biyar, a ce ya kasa ɗaukar tsohuwa guda. Sufeto ya koma fili, ya durƙusa gaban taya, ya kankaro abin da ya maƙale da tsinke, ya sansana. Ɗanyen kashin shanu ne. Filin San Lucio tsakuwa ne, na Santa Rufina kwalta, dukansu a killace. Ke nan jirgin ya sauka a wani wuri dabam.

A kasuwa kuwa, mahauci Nicanor yana saran naman shanu sabon yanka.

"Ta mota ya zo," in ji shi.

"Hanya na ƙarƙashin ruwa tun farkon damina, Nicanor. Ko motar taka iyo take yi?"

Mahauci ya ajiye wuƙa, ya faɗi sunan garken da ke can gabas da hanyar jirgi, da sunan wanda ya kawo naman.

Da aka ajiye masa tsinken a kan tebur, Kyaftin bai ƙara musu ba.

"Ɗan ratse ne kawai, yallaɓai. Da na isa ba su gama fiɗa ba, na jira. Nama ba ya jure zafi."

"Shi mutumin fa?"

"Yana numfashi sa'ad da muka sauka. Ya roƙi ruwa, na ce bari a gama lodi."

Sufeto ya sa masa ankwa da kansa, bai sassauta ba. Suna fita waya ta yi ƙara. Doña Petrona ce.

"Ɗana, jirgin da zai dawo min da Hilario, a ce wa matuƙin kada ya damu da sikeli. Ina nan ƙasa, ban tare wa kowa wuri ba."