Baƙar Rigar Metir Isaka

A shekarar da kogin Isa na Yamai ya janye har mutane na ƙetare shi da ƙafa, duk satar da ake kawo wa Insfekta Sanusi ta abin sakawa a baki ce: buhun dawa, akuya, kwandon albasa. Shi ya sa da Metir Garba, babban lauyan nan, ya shigo kwamisariya, ofishin 'yan sanda, yana haki ya ce an sace riga, saura kaɗan dariya ta kufce masa.

"Riga, Metir? Tukuna dai, zauna ka sha ruwa."

"Baƙar rigar shari'a, Insfekta. Ta sabon asosiyena. Yau da la'asar zai tsaya gaban alƙali."

A hanya Metir Garba ya zayyana masa komai. Tun da farin nan na rashin ruwa ya kawo ƙungiyoyin agaji da kamfanonin haƙar rijiyoyi Yamai, aiki ya yi wa lauyoyi yawa, kowane kabine, wato ofishin lauyoyi, na neman ƙarin hannu. Shi kuwa ya yi sa'a ya janyo Metir Isaka, ɗan Tawa da ya yi karatu a Dakar, ya ba shi matsayin asosiye, wato abokin tarayya mai kaso a kabine. Wani kamfanin rijiyoyi ya biyo Isaka da shari'arsa. In yau Isaka bai tsaya ba, kamfanin zai koma wurin abokan hamayya, tarayyar kuma ta watse tun ba ta zauna ba.

"To ya ari ta wani mana."

Suna isa kabine amsar ta bayyana. Sanusi ya ɗaga kai ya kalli Isaka, ya sake ɗagawa. Mutum kamar giginya. Rigar kowane lauya a garin iyakarta gwiwarsa, alƙalin kuwa irin wanda zamanin soja ya yi wa daidai ne, ya taɓa korar lauya kan maɓalli ɗaya da ya ɓalle.

Sanusi ya duba biron Isaka, wato ofishinsa. Ba a fasa ƙofa ba. Ga rediyo, ga fanka, ga buhun shinkafar Saga da wani manomi ya kawo tukuici, a jingine ba wanda ya taɓa.

"Ɓarawon da ya bar shinkafa a wannan shekara," in ji shi, "wallahi ba yunwa ce ta aiko shi ba."

Isaka ya jawo aljihun tebur. "Har farin ƙyallen wuya ya ɗauke, Insfekta. Nan nake ajiye shi daban."

"Wa ya san ba a shiga shari'a sai da shi?"

"Mu lauyoyi."

Sanusi ya kira sakatariya, Madam Halimatu, wadda makullai ke hannunta.

"Jiya da hutun rana kina ina?"

"Nan kan kujerata, ranka ya daɗe. Ko motsi ban yi ba."

"Madam, ga ƙaiƙayin dawa nan a bakin jakarki. Ko injin bugun rubutu ya fara sussuka?"

Ta sunkuyar da kai. Layin hatsin gwamnati ta je, gidanta ba ko tiya ɗaya, ta ji tsoron a ce ta bar aiki. Sanusi ya tausaya mata, don matarsa ma can ta yini.

"Makullin fa?"

"Metir Abdulaye na bar wa."

Metir Abdulaye gajere ne mai tumbi, gashinsa ya yi furfura a wannan kabine yana rubuta wa Metir Garba takardun ƙara. Ya karɓi Sanusi a bakin bironsa, ya tsaya ƙiƙam a ƙofa.

"Ina Gudel jiya, wurin wani mai lambu da nake karewa."

"Da makullin?"

"Yana aljihuna."

"Zan iya leƙawa ciki?"

Abdulaye ya yi murmushi irin na malami ga ɗalibi. "Insfekta, ba a binciken biron lauya sai gaban batoniye, shugaban lauyoyi. Doka ce."

"Madalla. Na aika a ɗauko shi. Yanzu zai iso."

Ƙarya ce tsagwaronta, Allah ya yafe wa Sanusi, ko kaza bai aika ba. Ya fita ya zauna a benci ƙarƙashin bishiyar bedi, wurin mai shayi, ya sa ido kan ƙofar kabine.

Bai gama kofinsa ba sai ga Metir Abdulaye ya fito cikin baƙar riga, an ɓalle ta har wuya, yana sauri wajen ɗan babur ɗinsa, mobilet. Rana kuwa tana dukan tsakar ka. Sanusi ya daɗe yana kai masu laifi gidan shari'a, bai taɓa ganin lauya ya sa rigarsa a titi ba. A hannu suke rataye ta, sai a bakin zaure su zura.

"Metir, ina zuwa haka cikin ado?"

"Shari'a gare ni."

"Yau ka yi ƙiba fa. Zo ka sha shayi."

"Na makara."

"Batoniye na hanya, ai ba ka bar mu ba."

Dole ya zauna. Sanusi ya sa aka haɗa masa mai zafi, ya shiga ba shi labarin tsadar gero tun daga Maraɗi har Damagaram, ba ya gaggawa. Gumi ya fara sauka daga goshin Abdulaye, ya bi gemu, yana ɗiga cikin kofi. Da ya miƙe zai gudu, sai wani baƙin yadi ya warware daga ƙugunsa, ya zubo yana jan ƙasa a bayansa kamar wutsiya. Mai shayi ya tuntsire da dariya.

"Riga biyu a wannan zafi, Metir?"

Abdulaye ya koma kan benci ya zube. Metir Garba da Isaka suka fito.

"Ni na ɗauka," in ji Abdulaye. "Ba sayarwa zan yi ba, gobe zan mayar. Yaya Garba, ƙuruciyata ta ƙare a gidan nan. Duk shari'ar da ka ci, ni na rubuta. Da aiki ya bunƙasa na ce to, bana za a sa sunana a allon ƙofa. Sai ka tsallake ni ka ɗauko na waje. Ko kirana ba ka yi ka faɗa mini ba, a bakin Halimatu na ji."

Metir Garba ya kasa haɗa ido da shi. Sanusi kansa sai da abin ya taɓa zuciyarsa, amma ƙara ta riga ta shiga hannun hukuma.

"Tashi mu je, Metir. Ka san hanya."

Aka tuɓe masa rigar Isaka, sharkaf da gumi, tare da farin ƙyallen wuyan. Isaka ya karɓa, ya yarfe ta, ya rataya a hannu. Har sun kai bakin mota Abdulaye ya waiwayo.

"Insfekta, ina da 'yancin lauya."

"Kana da shi. Wa za a kira maka?"

Kafin ya buɗe baki Isaka ya matso.

"Ni ne lauyansa. In na fito daga shari'a ina zuwa kwamisariya." Ya juya ga Metir Garba. "Kai kuma, Metir, kafin in dawo ka aika wa mai rubuta allo. Suna uku zai ɗauka, ko kuwa ya rage naka kaɗai."