Ƙofar da Baba Ya Ce in Rufe

"Minti ashirin da biyar, Dogo! Yau ma!"

A bayan coci na tare shi bayan an tashi daga sujada, ko ɗamarar masu tarbar jama'a ban cire daga kafaɗata ba.

"Yi haƙuri, zuciyata..."

"Ajiye zuciyar nan gefe tukuna! Lahadi bakwai a jere ina rufe maka ƙofa da hannuna. Ka san kuwa yadda Baba yake kallona?"

Babana shi ne shugaban masu tarba a cocinmu, shekara ashirin da biyu ke nan. Dokarsa ɗaya ce: da zarar Fada ya tashi karanta Bishara, a rufe ƙofa. Wanda ya makara ya tsaya a waje sai an gama wa'azi. Ni kuma ya sa a babbar ƙofa. Ranar da na gaya masa Dogo makaniki yana so ya turo manyansa, ko ɗaga kai bai yi daga gugar rigarsa ba. "Wanda ya kasa zuwa gidan Allah a kan lokaci, shi zan ba 'yata?"

"Akwai dalili," in ji Dogo yana sosa ƙeya.

"Faɗa mini."

"Na yi wa wani alkawari."

"Wani ko wata?"

Sai ya yi dariya. Dariya fa! Na ji kamar in kwaɗa masa takardun waƙar da ke hannuna.

"To saurara. Lahadi mai zuwa in na rufe ƙofar nan ba ka ciki, kar ka ƙara kirana. Na gaji da tsayawa tsakaninka da Baba kamar wadda ta yi laifi!"

Na tafi na bar shi tsaye. Ina shiga ɗaki na fashe da kuka, don na san ƙarya nake yi, ba zan iya rabuwa da shi ba.

Amma Baban ma ba zan iya ɓata masa ba. Ni kaɗai na rage masa. Mama ta rasu. Yayana kuwa, ba a ambaton sa a gidanmu. Shekara shida ya yi a makarantar horar da Fada, Baba yana ta shelar ɗansa zai tsaya a bagadi. Saura kaɗan a naɗa shi Fada ya dawo da jakarsa, ya ce ba kiransa ba ne. A gaban mutane Baba ya ce ba shi da ɗa. Shekara biyar ke nan ba mu sa shi a ido ba.

Ranar Lahadi tun da sassafe raina a dagule yake. Tsohuwar da ba ta zama sai a ƙarƙashin fanka ta tarar an riga ta, sai da na lallashi mutum uku suka matsa. Mai 'yan biyu ta zo da keken jarirai ta toshe hanya. Wani ya ce takardar waƙarsa ta yage, in canza masa. Bakina yana "Sannu da zuwa, ga wuri can gaba," idona yana kan hanya.

Babu Dogo.

Mawaƙa suka ɗauki Halleluya, jama'a suka miƙe. Daga can tsakiyar coci Baba ya ɗaga mini yatsa.

Na jawo ɓangare ɗaya na ƙofar. Na kama na biyu ke nan na hango Dogo yana tahowa da sauri, gumi sharkaf. A bayansa wani mutum yana jan ƙafa, ɗauke da 'yar yarinya a kafaɗa. Ya rame, ya tara gemu, amma wannan tafiyar ko cikin mutum dubu zan gane ta.

"Yaya..."

Ban san lokacin da Baba ya iso bayana ba.

"Na ce ki rufe," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Baba... ba zan iya ba."

Tunda nake ban taɓa musa masa ba. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka a kan matakala. Yaya ya sauke yarinyar, ya durƙusa a wurin, kansa a ƙasa.

"Baba, ko a waje ne zan tsaya. In dai ka gan ta."

Yarinyar ta ja rigar ubanta. "Wannan ne Kakan?"

Baba ya dube ta, ya dubi ɗansa. Ya zare takardar waƙa ɗaya daga hannuna, ya miƙa wa Yaya, ya ɗauki yarinyar. Ana tsakiyar karatun Bishara ya wuce gaba suna biye da shi, har bencinmu na gida. Kowa ya waiwayo. Fada ma sai da ya dakata.

Ni da Dogo muka rage a ƙofa.

"Garejinmu yake kawo motarsa," ya raɗa mini. "Kowace Lahadi nakan je in ɗauko shi. Mu iso bakin titi ya ce ba zai iya ba, in yi ta roƙo har lokaci ya wuce. Ya rantsar da ni kada in gaya miki."

"Sati bakwai! Yayana yana bakin titin nan, ka bar ni ina zarginka da wata mace?"

"Abar ƙaunata, ai..."

"Yi mini shiru, ana Bishara!" Hawaye suna zuba, na tura shi ciki.

Da aka tashi, Baba ya fito idanunsa jawur, jikarsa tana wasa da ɗamararsa. Ya tsaya a gaban Dogo ya daɗe yana kallonsa.

"Ka ce wa manyanka ina gida ranar Asabar."

Dogo ya juyo yana washe mini baki. Na harare shi na ɗauke kai. Kwana biyu cur na ƙi ɗaga wayarsa. A na uku ni na kira shi.