Kambin da Ya Cinye Kwari

Auta ta daskare a kan keken ɗinki, almakashi a hannu, ido a kan waya.

Kwarin ya zama fili fetal.

Ko fure ɗaya babu...

A wasan da take bugawa ta intanet, mutane yaƙi suke da dodanni, ita kuwa yawo ne aikinta: ta kutsa daji, ta zana taswira, ta tsinko kayan haɗa magani. Ita ta gano kwarin nan a bayan wani dutse da kowa ya ɗauka ƙarshen duniya ne, cike da furen wata. Dokar furen ɗaya ce. Ka tsinki kai ka bar saiwa, ya sake tohowa. Ka tumɓuke saiwa, ya tafi ke nan har abada.

Mutum ɗaya ta taɓa nuna wa hanya. Dogo mai gyaran firji, wanda ke gadinta da takobi a wasan tun ba su san fuskar juna ba, wanda manyansa ke shirin zuwa neman aurenta.

Yayanta da ya leƙo shagon karɓar wandonsa ya ce ai dama ya faɗa, mijin da aka tsinto cikin dodanni me za a jira daga gare shi? Ga abokinsa Injiniya nan, mutum mai aji. Injiniyan da ko soket bai taɓa gyarawa ba, amma hular kwanonsa kullum tana bayan mota inda za a gani. Saboda Auta shi ma ya shiga wasan, ya sayi sulken zinariya, rijiya ɗaya ta yi ta haɗiye shi har ta gaji.

Ana haka sai ga Dogo, hannu duk baƙin mai, murmushi har kunne. Ya miƙa mata wayarsa. Wani kambi ne a ciki, sai walƙiya yake.

“Naki ne, sanyin idona. Da hannuna na haɗa.”

“Da me?”

“Da furenki mana...”

“Har saiwar?”

“Ai a saiwar hasken yake.”

Auta ta ajiye almakashin nesa da kanta, don gudun tsautsayi.

Ta tambaye shi wa ya faɗa masa haka. Ya ce Injiniya ne, Allah ya saka masa, ya kira shi gefe ya ce mace babbar kyauta take so, a kwashe duka kar a rage. Shi kuwa sara kawai ya iya, bai taɓa tsinkar ko ciyawa ba. Alhali Injiniyan nan, ita da bakinta ta taɓa karanta masa dokar saiwa, yana kaɗa makullin mota yana cewa ya daɗe da sani.

Da ta gaya wa Dogo abin da ya aikata, murmushin ya zube. Ya zauna a kan atamfar mutane bai ma sani ba.

“Ba zai dawo ba?”

“Ba zai dawo ba.”

Sai hawaye. Ƙato guda, a gaban Yaya, a gaban ƙyallaye.

Yaya ya gyara tsayuwa ya ce to alhamdulillahi, magana ta ƙare, bari ya kira Injiniya.

“Kira shi, Yaya. Ka ce masa na gode, dabararsa ta yi aiki, kwarin ya mutu.”

Ta ɗauki almakashinta.

“Sannan ka faɗa wa Baba mutanen Dogo suna nan zuwa.”

Yaya ya saki wandon a ƙasa.

“Auta, kanki ɗaya? Wanda ya yi miki wannan ɓarnar?”

Ta dubi Dogo yana share majina da bayan hannu, ya shafe fuskarsa duk da baƙin mai.

“Shi fa. Mutumin da zai yi wannan ta'asar saboda so, ai ba a barinsa yana yawo babu mai kula da shi... Tashi min daga kan kayan mutane, masoyi.”