Mai Taimama A Bakin Rijiya

Hajaratu ta ajiye butar alwala a gaban mijinta, sai ta ga jikinsa ya ɗauki rawa kamar mazari... Ta janye butar da sauri, ta tura masa dutsen taimama, hawaye na zuba. Wayyo Allah! Haka suke tun ranar da 'yan sa-kai suka sako Salahuddeen, bayan sun tsare shi a daji bisa zargin yana kai wa 'yan bindiga labari. Ya dawo garinsu Mabai ba tabo ko ɗaya a jikinsa, amma ruwa ba ya taɓa fuskarsa. Ita kaɗai ya raɗa wa dalili, ya kuma sa ta rantse ba za ta faɗa ba.

Gari ya juya musu baya. In ta je rijiya mata sai su janye gugansu, ranar suna ba mai aiko mata goro. Sai ta wuni ba wanda ya yi mata sallama sai kaji. Ga kuma Baba Gide, ƙanen mahaifin mijin, yana yawo yana cewa yaron ya haukace, gonar gado ta dawo hannunsa.

Ranar da aka kira su gaban mai gari kan maganar gonar, ta durƙusa a gefen zaure ita kaɗai, Salahuddeen na rakuɓe a waje. Rediyon mai gari na kunne, ana muhawara kan wata babbar ƙasa da ake zargi da kwarara wa fursunoni ruwa a fuska: shin azabtarwa ce, kuma wa ya isa ya tuhume ta?

"Azaba ce," in ji Liman Mani. "Duk abin da ka yi ma bawan Allah don ka karya shi ya faɗi abin da kake so, azaba ce, ko da tabo ko babu. Ƙarfin ƙasa ba ya wanke ta."

Baba Gide ya kece da dariya. "Haba Malam! Mai ƙarfi ai shi ke da gaskiya. Tsumma da buta ne fa! Ga Salahuddeen nan an yi mashi, mi ya same shi? Haukarshi daban."

Hajaratu ta ɗago ido jawur.

"Baba," ta ce, "wa ya faɗa maka tsumma ne? Wallahi duk garin nan ni kaɗai ya gaya mawa, ni kuwa ban taɓa buɗe baki ba!"

Mai gari ya kashe rediyo, ya tambayi Baba Gide:

"Gide, kana wurin ke nan?"

Da aka matsa masa, Baba Gide ya amsa cewa shi ya kai sunan ɗan wansa, yana tsaye kuma aka yi. Kafin la'asar an miƙa shi ga hukuma a Ƙanƙara, gona ta tsaya ga mai ita.

Liman ya fito ya zauna kusa da Salahuddeen, ya dafa kafaɗarsa. "Taimamarka ta yi, ɗana. Taso mu tafi masallaci."

Hajaratu ta rushe da kuka tana hamdala. Washegari a rijiya, Mairo, ɗaya daga cikin masu janye gugan nan, ita ce ta fara miƙo mata guga.