Haɗin Korin da Na Sayo a Kanti

"Ina kika samo wannan?"

Na juyo da ludayi a hannuna. Yaya Anuwat ne, wanda zan aura, tsaye a ƙofar kicin ɗin mahaifiyarsa, riƙe da jar ledar da na ajiye kusa da kazar da na yanka, fuskarsa kamar wanda ya taka maciji.

"A kanti mana. Ina ake samo haɗin kori?"

"Ke da a gidanku ake daka shi, ki shiga kanti ki sayo na leda?"

"Wanda yayata Wanida ta aiko min ya ƙare, kuma daga wurin aiki nake. Yarinyar kantin ta ce wannan sabo ne, kowa shi yake ɗauka."

"Bari in je in canzo miki wani, Rusni. Wannan ba shi da daɗi."

"Ka taɓa ci ne?"

"A'a... ji na yi ana faɗa."

Na yi dariya na fizge ledar. "Madarar kwakwata tana kan wuta, malam. Je ka taya Hajiya hira, kada ka sa in ƙona girkin farko a gidan surukai."

Bai tafi ba. Ya jingina da bango yana murza zoben hannunsa.

Wata biyu ya rage a ɗaura mana aure. Ran nan ce ta farko da mahaifiyarsa, Hajiya Prani, ta ce in zo gidanta a birnin Hat Yai in yi girki ta ɗanɗana hannuna. Ita kaɗai nake tsoro a ranar, ko a mafarki ban kawo cewa shi ne abin tsoron ba.

Mu 'yan garin Satun ne. Mamana, Allah ya jiƙan ta, tun kafin a haife ni take da tebur a kasuwar safe, inda take tsibe haɗin kori a manyan farantai, ja da rawaya, mata suna layi. Masu gidajen abinci har daga bakin teku suke aikowa. Kowa ya san barkono da tafarnuwa da kurkum, amma babu wanda ya san abin da yake sa nata ya bambanta. Da shi ta biya min makaranta har na zama ma'aikaciyar kantin magani. Da shi yayata Wanida take riƙe Baba tun da ɓarin jikinsa ya shanye.

Lokacin da ciwo ya kwantar da Mama, duk ƙarshen mako sai Anuwat ya tuƙo mota ya zo. Ya naɗe hannun riga ya zauna gaban turmi, hawayen barkono na zuba, Mama na kan kujera tana yi masa tsiya.

"Ɗan birni, turmin kake lallashi ko dakawa kake?"

Wata safiya ta ce da mu, "Wannan ɗana ne. Abin da kuka sani, shi ma ya sani." Da hannunta mai rawa ta nuna masa komai, sannan ta riƙe yatsunsa. "Gadon 'ya'yana ke nan, Anuwat. Ba ni da gona, ba ni da jirgin kamun kifi. Kada ya fita gidan nan."

Ya ce, "Na yi alkawari, Mama."

Ran nan na tabbatar ba ni da miji sai shi.

Madarar kwakwar ta fara tsatso mai a gefen kasko. Na yage ledar, na matse haɗin a ciki, na fara juyawa a hankali yadda aka koya min, har man ya yi ja.

Sai ƙanshin ya taso.

Hannuna ya tsaya cak. Akwai wani hayaƙi-hayaƙi a ƙasan yajin, irin na daddawar jatan landen da aka naɗe a ganyen ayaba aka gasa a kan garwashin ɓawon kwakwa. Bayansa kuma wani gardi mai laushi, na gasasshen ƙwallon yazawa. Na lakato da yatsa na kai baki.

Sai na ji kamar Mama ce tsaye a bayana.

"Yaya Anuwat..." Na juyo gare shi. "Ka ji kuwa?"

"Duk kori ai kama yake yi, masoyiyata."

"Wannan na Mama ne."

"Kewarta ce take damun ki."

Na ɗauko ledar daga kwandon shara na juya bayanta. A gaba zanen wata tsohuwa ne kawai da turmi, amma a baya akwai rubutu ƙanana. Wai haɗi ne na gado, daga hannun Kaka Prani ta Hat Yai, wadda ta gaje shi daga kakanninta. A ƙasa kuma ga sunan kamfanin abincin da Anuwat yake yi wa aiki.

Na karanta, na sake karantawa. Kaskon yana ta ƙara a bayana.

"Kai, wannan ƙanshi har falo," in ji Hajiya Prani, ta shigo tana gyara mayafinta. Idonta ya sauka a kan ledar, sai ta washe baki. "Au, ashe ka gaya mata? Ka ce min sai bayan biki. Rusni, kin ga yadda suka zana ni? Sun ƙara min shekaru, marasa kirki."

"Umma, don Allah..." in ji shi.

"Hajiya," na ce, "kin taɓa daka kori?"

Ta yi dariya. "Ni da wannan kafaɗar? Ai ɗana ne mai basira. Tun da ya kai musu, suka ƙara masa girma. Da me kike tsammani ya kama gidan da za ku zauna?" Ta dubi fuskata, dariyar ta ragu. "To mene ne na ɓata rai? Gida ɗaya za ku zama. Naki nasa ne."

Ta fita ta bar mu.

"Rusni, ki saurare ni."

"Ina jin ka."

"Domin mu na yi. Teburin kasuwa ina zai kai mutum? Haɗin Mama ya fi ƙarfin Satun. Yanzu har Bangkok ana cin sa. Ba abin alfahari ba ne?"

"Alfaharin wa? Sunan wa ke jiki?"

"Kamfani ne suka ce dole sunan ya fito daga dangin wanda ya kawo..."

"Ka tambayi Yaya Wanida?"

Ya kau da kai.

"Ka tambaye ni?"

"Na san ba za ki yarda ba."

"Ka san ba zan yarda ba, shi ya sa ka bari sai an ɗaura, lokacin da ba ni da hanyar fita."

"Ba haka ba ne, zuciyata. Na yi niyyar in riƙa taimaka wa Baba duk wata, wallahi na yi niyya."

"Ka ba shi sadaka daga abin matarsa?" Hawaye suka fara zubo min, ban share ba. "Yaushe ka kai musu? Tana raye ko bayan ta rasu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka gaya min, Yaya Anuwat."

"Tana asibiti..."

Tana asibiti. Kwanakin da yake zuwa da ledar lemo, yana zama gefen gadonta yana yi mata fifita. Kwanakin da nake kallon sa ta taga ina gode wa Allah.

Na kashe wutar, na wanke hannuna, na ɗauki jakata. Ya biyo ni har bakin titi yana kiran sunana. Da ya kama gefen mayafina na ce, "Sake ni," kuma yadda na faɗa ya sa ya saki.

Washegari da sassafe motar haya ta sauke ni a kasuwar Satun. Daga nesa na hango Yaya Wanida a teburin Mama tana kore ƙuda. Farantan da a da suke ƙarewa kafin rana ta yi zafi, ga su nan tsibi guda, an ɗan taɓa gefe kawai.

"Amarya da kanta? Lafiya?"

Na ajiye mata ledar a gabanta. Na shirya ganin ta zabura. Sai kawai ta dube ta, ta kau da kai, ta ci gaba da gyara tsibin da cokali.

"Yaya... kin sani?"

"Tun kafin azumi. Mai gidan abincin bakin gada ya daina aikowa. Da na je jin dalili, ya ce ya samu irinsa a leda, ba ya lalacewa, kuma har ƙofa ake kawo masa. Ya ba ni na ɗanɗana." Ta ɗan yi murmushi. "Sauran ma ɗaya bayan ɗaya suka bi."

"Kuma kika yi shiru? Kina ɗinka min kayan biki, kina aiko min da kori, kina tambaya ta ya angon?"

"Me zan ce miki, ƙanwata? Tun da Mama ta rasu ban ga kin yi dariya ba sai in kina tare da shi. Na ce haɗi ya riga ya tafi, kada ke ma in rasa farin cikinki."

"Baba fa?"

"Bai sani ba. Kullum sai ya tambaye ni ɗansa Anuwat."

Na durƙusa a bayan teburin na kifa kaina a cinyarta, ina kuka kamar ranar da aka fita da Mama. Tana shafa kaina tana cewa, "Ya isa, mutane na kallo," amma ina jin nata hawayen na ɗiga a wuyana.

"Idan kina son sa, ki aure shi," ta ce a hankali. "Wallahi ba zan riƙe ki ba."

"Ina son sa, Yaya. Shi ne abin da ya fi ciwo."

Na ɗauki hutu a wurin aiki. Da asuba muke tashi mu yi daka, mu shirya Baba, mu fito kasuwa. Tsofaffin da suka san Mama ba su daina zuwa ba, kuma da suka ga mu biyu a teburin sai suka riƙa jawo maƙwabtansu. Wayata tana ta haske da kiran Anuwat, ni kuwa na kifa ta a ƙarƙashin faranti.

Ran Asabar ya zo. Ya rame, gemu ya fito masa. Ya tsaya a bayan wasu mata har layi ya iso kansa.

"Rusni, na yi kuskure. Zan roƙe su su canza sunan. Zan je gaban Baba in durƙusa."

"Kada ka je. Bar shi da ɗan da yake tsammani yana da shi."

"Ki ba ni dama ɗaya, don girman Allah. Ba zan iya rayuwa babu ke ba."

Na dube shi sosai. Idanun nan ne dai, waɗanda na so tun ranar farko. Zuciyata tana ja na gare shi kamar za ta tsage. Amma duk lokacin da zai riƙe hannuna nan gaba, zan tuna hannun da ya riƙe ya yi alkawari.

Na zare zoben baikon, na ɗora a tafin hannunsa, na naɗe masa yatsunsa a kai.

"Na yafe maka abin da yake nawa. Na Mama kuwa, ba ni da ikon yafewa."

"Rusni..."

"Matsa, akwai mutane a bayanka."

Ya daɗe a tsaye kafin ya juya. Ban bi shi da kallo ba. Tsohuwar da ke bayansa ta matso da kwanonta, ta dubi fuskata, ta dubi bayansa.

"Ja za a zuba miki ko rawaya, Inna?" na ce.

Na ɗauki cokalin. Yaya Wanida ta matso ta ɗora hannunta a kan nawa, muka zuba tare.